Keke, Rairayi da Ciwon Suga a Ƙasar Kankiya da Kusada

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kekunan da suka yi shekaru a jingine a zaure suka fara fitowa. Wanda ke bin titin Kano zuwa Katsina, ya ratsa Yashe ya wuce ta Kankiya, ba sai an gaya masa ba. Ga malamin firamare, ga mai awon hatsi, ga dattijon da a da ko gonar bayan gari ba ya zuwa sai a mashin. Ga kuma samari masu sayen kekunan gwanjo masu giya da faffaɗar taya, irin waɗanda Turawa suka ƙera don hawan duwatsu, suna neman burtali da kwazazzabo su gwada ƙwanjinsu. A cikin waɗannan mahaya akwai masu ciwon suga, wasu sun san suna da shi, wasu ba su sani ba. To, mai wannan ciwo zai iya horar da jikinsa a kan keke har ya shiga hanya mai wuya? Zai iya, kuma keken ma magani ne a gare shi. Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma babbansu ya ci karo da abin da aka saba gaya wa mai ciwon suga a gida da kasuwa.

Wasan keken duwatsu ya samo asali ne a shekarun 1970 a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda wasu samari suka riƙa gangarowa daga dutsen Tamalpais a kan tsofaffin kekuna, kuma ya shiga gasar Olamfik a 1996 a birnin Atlanta. Mu a nan ba mu da irin wannan dutse. Mai son hawa na gaske sai ya nufi tsaunukan Shere na Jos, masu tsawon sama da mita 1,800, ko ya bi titin da ya tashi daga Kankiya ya je ya gwada duwatsun Dutsin-Ma. Ƙasar Kankiya da Kusada shimfiɗaɗɗiya ce, jigawa da fadama. Amma tsokar cinya ba ruwanta da ko dutse ake hawa ko ba dutse ba, nauyin aikin kawai take ji. Wanda ya taɓa tuƙa keke a rairayin burtali da rani, ko ya ƙetare busasshiyar ƙorama, ko ya fuskanci iskar hunturu da buhun masara a kariya, ya san numfashinsa yana kaiwa inda na mai hawan tudu ke kaiwa. Don haka dokokin da likitocin wasanni suka tsara wa mahayan duwatsu sun hau kan mai zuwa kasuwar Kankiya daga ƙauye, ko da bai taɓa kiran abin da yake yi motsa jiki ba.

Ciwon kuma ba na 'yan birni ba ne kawai, kamar yadda ake zato a da. Ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya kusan miliyan 3.6 ne ke da shi a Najeriya, kuma a Afirka fiye da rabin masu ciwon ba a gano su ba. Wani nazari da Farfesa Andrew Uloko na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya sa yawan masu ciwon a ƙasar a kashi 5.77 cikin 100, ya kuma nuna Arewa maso Yamma ce mafi ƙaranci da kashi 3. Ina ganin wani ɓangare na wannan sauƙi da muka samu daga fartanya ne da tafiyar ƙasa da keke, abubuwan da mashin ya fara raba mu da su.

Yadda keke ke rage suga abu ne mai sauƙin fahimta. Abincin da muka ci, tuwo ne ko fura ko shinkafa, yana komawa suga a cikin jini, kuma a al'ada sai da sinadarin insulin sugan ke samun shiga tsoka. Mai ciwon suga nau'i na ɗaya jikinsa ya daina yin insulin, shi ya sa ba ya rayuwa sai da allura. Mai nau'i na biyu, wanda shi ne kusan 9 cikin kowane 10, yana da insulin amma jikinsa ba ya jin maganarsa yadda ya kamata. To idan tsoka ta kama aiki, tana buɗe wa suga wata ƙofa da ba ta jiran insulin, kuma bayan an sauka daga keke jiki kan ci gaba da karɓar insulin da kyau har kwana ɗaya ko biyu. Wannan ne dalilin da ya sa ake cewa kada mai ciwon ya wuce kwana biyu a jere bai motsa jiki ba, ya kuma haɗa aƙalla minti 150 a mako. Babban gwajin da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa ga mutanen da ke bakin kamuwa, gyaran abinci da motsa jiki sun rage kamuwar da kashi 58 cikin 100, ƙwayar metfomin kuma da kashi 31. Wato keke da kwanon abinci sun fi ƙwaya aiki a wannan mataki.

Amfanin ke nan. Haɗarin kuwa yana tafe ne daga maganin da mutum ke sha, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a daɗe.

Mutumin da ke riƙe ciwonsa da abinci kawai, ko da metfomin kaɗai, wanda da yawa suka sani da sunan Glucophage, da wuya keke ya kayar masa da suga ƙasa da ƙima. Jikinsa na da dabara: da zarar suga ya fara sauka sai ya rage insulin, hanta kuma, wadda ita ce rumbun jiki, ta buɗe ta fito da abin da ta ajiye. Irin wannan mahayi babu abin da zai tsorata shi sai zafi da ƙishirwa.

Wanda ke shan gilibenkilamid, ƙwayar da aka fi sani da Daonil, ko 'yan uwanta gilimefirid da gilikilazid, labarinsa daban ne. Waɗannan ƙwayoyi suna matsa wa jiki ya fitar da insulin ko ana buƙata ko ba a buƙata. Mutum ya sha ƙwayarsa da asuba, ya kurɓi ɗan koko, ya hau keke zuwa gona mai nisan kilomita 10 ta cikin rairayi: tsoka na jan suga, ƙwaya na tura insulin, insulin ɗin kuma ya hana hanta buɗewa. Suga sai ya faɗi. Faɗuwar da gilibenkilamid ke jawowa kuma doguwa ce, takan dawo bayan an zaci ta wuce, musamman ga tsofaffi da masu ciwon ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta rubuta a jerin muhimman magungunanta cewa wannan ƙwaya ba ta dace da wanda ya haura shekara 60 ba. Ga shi kuma tana cikin masu araha, ana samunta a kemis ɗin ƙauye, mutane da dama na ci gaba da sayenta da tsohuwar takardar likita, wasu ma suna haɗa ta da jiƙon shuwaka ko garafuni. Dattijon da ya koma keke saboda tsadar mai, alhali yana kan adadin ƙwayar da aka rubuta masa lokacin da yake hawa mashin, shi ne mutumin da ya fi ba ni tsoro a duk wannan batu.

Mai allurar insulin shi ma haka, har ya fi. Abin da ya shiga ƙarƙashin fata ya shiga, ba a janye shi. Idan kuma a cinya ya yi allurar sannan ya hau keke, jinin da ke gudu a ƙafar zai kwashe maganin da sauri fiye da yadda aka tsara, don haka ranar tuƙi a yi ta a fatar ciki. Yawanci ana rage insulin ɗin abincin da ke gaban doguwar tafiya, amma nawa za a rage magana ce tsakanin mutum da likitansa, ba a koyonta a majalisa.

Sai awo. Na'urorin da ke hannun mutane iri biyu ne, wata na ƙirga da manyan lambobi, wata da ƙanana masu ɗigo, kuma idan aka raba babbar lamba da 18 za a sami ƙaramar. Duk abin da ya gaza 70, wato 3.9, suga ya faɗi. Ƙasa da 54, wato 3.0, abin ya yi tsanani. Shawarar da ƙwararru suka haɗu suka fitar a 2017 don masu allurar insulin ita ce a fara tuƙi suga na tsakanin 126 da 180, wato 7 zuwa 10. Idan ya gaza 90 a fara cin wani abu mai zaƙi a jira ya hau. Idan ya haura 270 ba tare da dalilin abinci ba, a duba sinadarin kiton a fitsari ko jini, in yana da yawa a ajiye keken, domin alama ce ta ƙarancin insulin, kuma aiki mai nauyi zai ƙara dagula lamarin. Wanda ba shi da abin duba kiton, in ya ga irin wannan lamba tare da tashin zuciya ko ciwon ciki ko yawan fitsari, asibiti zai nufa.

A nan al'ada ke shigowa. Da zarar an ce wane yana da suga, gida gaba ɗaya ya zama ɗan sanda. A ɗauke gwangwanin suga daga gabansa, a hana shi dabino, mai shayi ma ya san nasa babu zaƙi. Niyyar mai kyau ce, kuma a zaune a gida daidai ne. A kan keke kuwa, mai shan Daonil ko mai allura da ya fita babu suga a aljihu ya yi ganganci. Ƙa'idar ita ce giram 15 na suga mai saurin shiga jini, a jira minti 15, a sake awo, in bai hau ba a ƙara. Giram 15 shi ne ƙwayar suga 3 zuwa 4, ko cokali ɗaya babba na suga ko zuma, ko rabin ƙaramar kwalbar lemo, ko ƙananan dabino kamar 3. Mazarƙwaila da alewa ma suna yi. Ƙuli-ƙuli da gyaɗa da ƙosai ba sa yi a wannan gaggawa, domin mai yana jinkirta narkewa. Su na bayan an farfaɗo ne, don kada sugan ya sake komawa ƙasa. Idan tafiyar za ta wuce awa ɗaya, mai insulin kan buƙaci giram 30 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko zaƙi a kowace awa, kuma gara ya ci kafin ya ji alama.

Matsalar alamun ita ce sun yi kama da gajiyar tuƙi. Zufa, bugun zuciya, rawar jiki, jiri, yunwa: wane mahayi ne bai san su ba a rairayi da tsakar rana? Shi ya sa mutum kan ce bari in kai inuwar can tukuna, kafin ya kai hankalinsa ya gushe. Daga nan sai ruɗewa, magana ta karkace, wani ya yi ta faɗa ba dalili. Masu wucewa su ce ya sha wani abu, wasu su ce iska ce ta buge shi, a shiga tofi da neman mai ruƙiyya alhali cokalin suga ake nema. Addu'a ba ta hana a ba shi lemo. Idan kuma ya riga ya suma, kada a ɗura masa komai a baki don kada ya shaƙe. A kwantar da shi a gefensa, a nemi mota zuwa Babban Asibitin Kankiya ko asibiti mafi kusa, inda za a sa masa ruwan suga ta jijiya.

Akwai wani abin da ke rikita masu awo. Tuƙi mai laushi, na dogon lokaci, yana sauke suga. Amma ɗan gajeren aiki mai tsanani, kamar a miƙe a kan feda a fizgi keke daga gindin kwazazzabo zuwa samansa, yakan ɗaga shi, saboda sinadarin adirenalin da jiki ke saki yana sa hanta ta zubo suga da yawa. Mahayi ya sauka ya auna ya ga 220, ya firgita, ya ƙara allura, ya kwanta. Cikin dare kuma tsokar da ta yi aiki tana ta jan suga don mayar da abin da ta kashe. Faɗuwar suga ta bayan aiki takan zo awa 6 zuwa 15 bayan an sauka, wani lokaci har washegari, kuma ta cikin barci ita ce mafi muni don babu mai gani. Ranar da aka yi doguwar tafiya a auna kafin a kwanta, a ci wani abu in lambar ta yi ƙasa, a kuma gaya wa iyali abin da za su yi in sun ji mutum na gumi da sambatu.

Zafinmu ma ba na wasa ba ne. Daga Maris zuwa Mayu yakan kai maki 40 a ma'aunin Salsiyas, kuma zafi na hanzarta shigar insulin cikin jini, rashin ruwa kuma na ɗaga suga. Lokacin tuƙi shi ne bayan sallar asuba an karya, ko bayan la'asar sakaliya. Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin maki 2 zuwa 8, wanda aka buɗe kuma yakan yi kimanin mako 4 a ɗaki mai sanyi-sanyi. Ga wanda ba shi da firji ko wutar da za ta riƙe shi, akwai labari mai daɗi: binciken da ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF da Jami'ar Janiba suka wallafa a 2021, bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya nuna insulin bai lalace ba cikin mako 4 a zafin da ke hawa da sauka tsakanin maki 25 da 37. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000, tana sauke zafi ƙasa da na ɗaki. Abin da ba a yi shi ne a bar allura ko tsinken awon suga a jakar da ke rataye a kan keke rana na dukanta.

Ƙafa kuma a kula da ita fiye da keken. Ciwon da ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji a tafin ƙafa, mutum ya taka tsidau ko ƙaya bai sani ba, feda ta goge masa yatsa ta cikin silifas bai ji ba, sai bayan kwanaki a ga gyambo. Yawancin yanke ƙafar da ake yi wa masu suga daga irin wannan ƙaramin rauni yake farawa. Takalmi rufaffe da safa, da duba tsakanin yatsu kowane dare, sun wadatar. Wanda ciwon ya taɓa masa jijiyoyin bayan ido sosai, girgizar hanya mai gargada da yunƙuri mai ƙarfi na iya jawo zubar jini a idon, don haka shi kwalta ce tasa har likitan ido ya sallame shi. Wanda ya manyanta, ko yake da hawan jini, ya sa a duba zuciyarsa kafin ya fara horo mai nauyi, domin mai suga kan yi ciwon zuciya ba tare da zafin ƙirjin da aka sani ba.

Horon kansa ba ya buƙatar dogon bayani. A fara da minti 10 zuwa 15 a hanya mai kyau, a gudun da za a iya hira ba a haki ba, a riƙa ƙara kaɗan kowane mako. Sai jiki ya saba da minti 40 ko awa ɗaya a burji kafin a shiga rairayi. A rairayi a sauko da giya ƙasa a yawaita juya feda, a ɗan rage iskar taya. Tuƙi bayan cin abinci ya fi amfani ga mai nau'i na biyu, don yana dakushe hawan da suga ke yi bayan tuwo. Abin da ya fi komai daraja shi ne ɗan littafi: lambar kafin fita, ta bayan dawowa, abin da aka ci, hanyar da aka bi. Bayan 'yan makonni mutum zai san abin da hanyar Kusada zuwa Yashe ke yi wa sugansa fiye da yadda wani littafin likita zai gaya masa. Matan aure, da al'adar wajenmu ba ta cika ɗora su a keke ba, lissafin ɗaya ne a kansu ranar surfe da daka da ɗiban ruwa.

Da azumi, ƙa'idar da likitoci suka tsara tare da shawarar malamai ita ce a karya azumi idan suga ya gaza 70 ko ya haura 300. Doguwar tafiya a keke a awannin da ke gaban magariba ita ce mafi haɗari ga mai ƙwaya ko allura. A mayar da horo bayan shan ruwa, a kuma lissafa tarawihi cikin motsa jikin ranar.

Masu ƙarfafa gwiwa sukan kawo misalin Team Novo Nordisk, ƙungiyar ƙwararrun 'yan tseren keke da duk mahayanta masu ciwon suga nau'i na ɗaya ne. Ta samo asali daga Team Type 1 ta Phil Southerland da Joe Eldridge, wadda ta ci tseren ratsa Amurka a 2007. Ana kuma ambaton Steve Redgrave na Ingila, wanda aka gano yana da ciwon a 1997 ya kuma ci zinare a tseren kwale-kwale a Olamfik ta 2000. A gida ma tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya sha faɗin cewa ya yi shekaru da dama da ciwon yana kuma buga wasan sikwash. Misalan gaskiya ne, sun rushe zancen cewa mai suga ya gama yawo. Amma 'yan tseren nan suna manne da na'urar da ke nuna musu suga kowane 'yan mintuna, ga likita a motar da ke bin su. Mutumin Rimaye ko Mawashi kuwa kowane tsinken awo sai ya yi lissafin kuɗinsa. Wanda ba zai iya awo sau huɗu a rana ba, ya kashe tsinkayensa inda suka fi amfani: kafin sabuwar hanya, da kafin barci a ranar doguwar tafiya. Sauran ranaku ya tsaya kan hanyar da ya riga ya auna, da abincin da ya saba, a lokacin da ya saba.

Batun fita shi kaɗai ma ya canza. Matsalar tsaron da ta addabi yammacin jihar Katsina ta taɓa ƙananan hukumomin tsakiya, don haka lungunan daji da ke burge mai keken duwatsu ba wuraren zuwa ba ne yanzu sai da labarin mutanen gari. Ga mai suga dalilin ya zama biyu. Ya fita da aboki wanda ya san ciwonsa ya kuma san aljihun da sugan yake, ya riƙe waya, ya sa 'yar takarda a aljihu mai ɗauke da sunan maganinsa. Hular kwano kuma ba ta 'yan acaɓa kaɗai ba ce.

Kankiya na da makarantar koyon aikin lafiya da ke yaye ma'aikatan da ake turawa ƙananan asibitocin jihar, kuma su ne mai ciwon suga na ƙauye ke gani kafin ya ga likita. Roƙona gare su da masu kemis tambaya ɗaya ce su ƙara duk lokacin da za su miƙa wa mutum Daonil ko insulin: Baba, da me kake zuwa gona yanzu, mashin ko keke? In ya ce keke, a mayar da shi wurin likita a sake duba adadin maganin, a kuma gaya wa matarsa da 'ya'yansa a gabansa cewa ƙwayar suga huɗu da ke aljihunsa umarnin asibiti ne, kada wanda ya cire su.